Yawon Amarci a Bakin Bahar Rum: Kafin a Yanki Tikiti

Ina gaida mutanen Rijiyar Lemo da Kurna da Bachirawa, maƙwabtan filin jirgin Malam Aminu Kano. Ina gaida 'yan canjin Wapa a Fagge, da 'yan kasuwar Kwari da na Sabon Gari. Gaisuwa ta musamman ga angwaye da amaren wannan wata. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo ƙazantar ɗaki.

Yau maganarmu a kan yawon amarci take. Wato bayan an watse daga biki, ango ya ɗauki amaryarsa su tafi wani gari su huta, su san juna, nesa da 'yan ganin ɗaki. Iyayenmu ba su san wannan ba. Su dai kwana bakwai na budurwa, kwana uku na bazawara, a yi buɗar kai, a kawo gara, shi ke nan. Zamani ne ya zo da shi, ni kuwa ban ga laifinsa ba ga wanda Allah Ya hore wa. Hotunan da ke yawo yanzu a wayoyin 'yan mata, da yawa na bakin Bahar Rum ne. Fararen gidaje a kan tudu, ga shuɗin ruwa har iyakar gani. Amarya ta nuna wa ango, ta ce, "Yaya, nan nake so." Ango ya yi murmushi, ya ce, "An gama."

To, ba a gama ba. Ga maganar da nake so ku riƙe a shirin yau, kuma zan yi ta maimaita ta. Lafiyar tafiya a gida ake ƙulla ta. A gida, tun ba a yanki tikiti ba.

Kashi na farko, mu san inda za mu.

Bahar Rum teku ne da ya raba Afirka da Turai. Sama da ƙasa 20 ne ke bakinsa. Ta gefenmu akwai Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar. Ta gabas akwai Falasɗinu, Isra'ila, Labanon, Siriya da Turkiyya. A tsallake kuma ga Girka, Italiya, Faransa da Sifaniya. A can yamma, tsakanin Maroko da Sifaniya, ruwan ya tsuke har bai wuce kilomita 14 ba. Ku lura, Sharmul Shaik da ake yawan tallatawa a Masar ba a nan yake ba. Shi yana bakin Bahar Maliya ne.

Wannan teku ba baƙonmu ba ne. Fatake sun daɗe suna ɗaukar jar fata da turkuɗi daga kasuwar Kurmi, su ratsa Sahara har Tarabulus. Larabawan Tarabulus da Gadamus sun zauna a cikin birnin nan, unguwar Dandalin Turawa shaida ce. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mutumin Tilimsan ne ta Aljeriya. Ka shiga kowane zaure na karatu, ka duba littattafan da ke kan buzun malam. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne ta Tunisiya. Alƙali Iyal, mai Ashshifa da ake karantawa da azumi, an haife shi a Sabta, a bakin wannan ruwa. Imamu Busiri mai Burda, kabarinsa na Iskandariyya, 'yan taku kaɗan daga gaɓar teku. Ɗan Kano da ya je can, gidan malaman kakanninsa ya je.

Ga kashi na biyu. Yaya ake auna tsaron wuri?

Da an ambaci wata ƙasa, sai Hajiya ta dafe ƙirji. "Turkiyya? Ba nan aka yi girgizar ƙasa ba?" Gaskiyarta. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 50,000 a kudancin Turkiyya. Cikinsu har da ɗan ƙwallon Gana, Christian Atsu. A Satumbar wannan shekarar wata ta afka wa tsaunukan da ke kusa da Marrakish a Maroko, kusan mutum 3,000 suka rasu. A Yunin 2015 ɗan bindiga ya kashe mutum 38 a bakin ruwa kusa da Susa ta Tunisiya. A Yulin 2016 wani ya bi ta kan jama'a da babbar mota a birnin Nis na Faransa, mutum 86 suka mutu. Duk an yi. Babu gefen tekun nan da bai taɓa ganin tashin hankali ba, na Larabawa da na Turawa.

Amma ku saurari wannan da kyau. Gwamnatin Amurka tana fitar wa 'yan ƙasarta gargaɗin tafiye-tafiye, mataki huɗu. Na ɗaya, ka je da kula irin ta yau da kullum. Na huɗu, kada ka je sam. Kun san cewa jiharmu ta Kano ta shiga jerin wuraren da suka ce wa mutanensu kada su je? Ga mu kuwa, kullum da safe muna hawa adaidaita daga Rijiyar Lemo zuwa Kwari, mu dawo gida da magariba. Ba wai gargaɗin ƙarya ba ne. Mu ma mun san hanyoyin da ba ma bi da dare. Abin da hakan ke koya mana shi ne, ba a yi wa ƙasa kuɗin goro. Yanki ake dubawa.

Saboda haka, idan kun buɗe irin wannan gargaɗi a intanet, na Amurka ko na Ingila, kada ku tsaya a sunan ƙasa. Ku gangara ƙasa ku ga wane yanki ake nufi. A Masar, arewacin Sina'i ne aka fi hanawa, ba Iskandariyya ba. A Turkiyya, bakin iyakar Siriya ne, ba Antaliya ba. A Tunisiya, iyakar Libiya ce da wasu tsaunuka na yamma. Ku duba ranar da aka rubuta shi. Ku sake dubawa ana saura mako guda ku tashi.

Akwai kuma inda babu dogon nazari. Libiya, Siriya, Gaza, da duk inda ake jin ƙarar makami a labarai, ba wurin kai 'yar mutane ba ne. Ko kyauta aka ba ka tikiti, ka ce ka gode.

Sai wani abu da gargaɗin Turawa ba zai gaya muku ba, domin ba don ku aka rubuta shi ba. Kai baƙar fata ne, fasfonka kore ne. Wannan tekun da kake son ɗaukar hoto a bakinsa, shi ne dai wanda 'yan uwanmu ke nutsewa a cikinsa bayan sun bi ta Agadas. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a cikinsa tun daga 2014. Allah Ya jiƙansu. Dalilin haka, ɗan sanda a bakin titi zai iya yi maka kallon ɗan ci-rani ko da bizarka lafiya lau take. A Fabrairun 2023, bayan shugaban Tunisiya Ƙais Sa'id ya yi jawabi mai zafi a kan baƙin haure 'yan Afirka, an far wa baƙaƙen fata a wasu garuruwa, har da ɗalibai masu cikakkun takardu. Sai da Gini da Mali da Kwaddebuwa suka kwashe mutanensu da jirgi. Haka kuma a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye game da Arewacin Saifurus, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Don haka kada ka tambayi Bature ko wuri lafiya. Ka tambayi ɗan uwanka da ya dawo kwanan nan. Matambayi ba ya ɓata.

Ita ma amarya a duba shigarta. Idan mai niƙabi ce, ku sani Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, kuma akwai tara. Hijabi ba a hana shi a titi ba, amma niƙabi an hana. Kada a je a sa yarinya kuka a ƙasar mutane a kan abin da za a iya sani tun daga ɗaki.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yawon amarci a bakin Bahar Rum. Mun ce lafiyar tafiya a gida ake ƙulla ta. Yanzu ga kashi na uku, maganar takardu. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin kuka.

Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga Masar, ko Maroko, ko Tunisiya, ko Turkiyya. Su kuwa Girka, Italiya, Faransa, Sifaniya da Malta, biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu. Sunanta Shengen. Wato ƙasashen Turai 29 ne suka haɗa ƙofa. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga kowane mutum, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Inshora kuwa ita ce ka biya kamfani kuɗi kaɗan, idan ciwo ya same ka a can shi zai biya asibiti. Ana iya nema tun ana saura wata shida. Ga inda gizo ke saƙar. A 2024, cikin kowane 'yan Najeriya 100 da suka nemi wannan biza, sama da 40 an hana su. Wanda aka hana kuwa ba a mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka kada a biya kuɗin otal da na jirgi irin wanda ba a dawowa da shi, sai biza ta shigo hannu.

Ku ji yadda ake yi wa mutane. Ango ya shiga wani ɗan ofishi, ga fanka, ga hoton jirgi a bango. Ejan ya tashi ya tarbe shi. "Ango, ango! Ranka ya daɗe, kawo fasfo kawai. Mako biyu bizarka ta fito, ina da mutum a ciki. Takardar banki ma kada ka damu, mu za mu haɗa maka." Jama'a, duk wanda ya ce muku haka, ku ɗauki fasfonku ku fita. Babu ejan da ke ba da biza. Ofishin jakadanci ne ke bayarwa. Takardar bankin ƙarya kuwa, idan aka gano ta, sunanka ne zai ɓaci a kwamfutarsu, ba na ejan ba.

Akwai ejan na ƙwarai da yawa a garin nan, kuma ba su da wuyar ganewa. Kamfaninsu na da rajista. Suna cikin ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, wato NANTA. Asusun kamfani za ka tura wa kuɗi, ba na wani yaro ba, kuma za a ba ka rasit. Idan an ce an yanka maka tikiti, akwai wata lamba mai haruffa shida a jikinsa. Ka shiga shafin kamfanin jirgin ka saka ta, ka ga sunanka da na amarya da idonka. Otal ma ka aika musu saƙo da kanka, su tabbatar maka da ɗakin. Idan farashi ya yi arha fiye da hankali, a tuna araha ba ta ado. Iyaye kuma ku sa ido. Idan wani baƙon ango ya ce zai wuce da 'yarku waje, ba ku san otal ba, ba ku ga tikitin dawowa ba, ku tsaya ku bincika. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, tana da ofis a nan Kano.

Sai takardar aure. Yawancinmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura mana aure, a raba goro da alawa, a shafa fatiha, babu takarda. A gida wannan ya wadatar. A waje bai wadatar ba. Ofishin jakadanci zai nemi shaidar cewa matarka ce. Wasu otal-otal a Masar da Maroko ma sukan tambaya kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya. Ku nemi takardar a kotun shari'a ko inda hukuma ta tanada, tun da wuri. Sunan amarya kuma a bar shi yadda yake a fasfonta. Idan da sunan mahaifinta aka yi fasfo, da shi za a yanki tikiti. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a tsayar da ku a kanta. Fasfon ma a duba, ya kasance da sauran aƙalla wata shida a gaba.

Wata 'yar magana ga mai uwargida. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Kafin ka ɗauki amarya ka haye jirgi, ka zauna da malaminka a kan haƙƙin wadda ka bari a gida. Ka zauna da ita ma. Hankalin da bai kwanta a gida ba, ba zai kwanta a otal ba.

Kashi na huɗu, jaka da jiki.

Kada ku karɓi saƙon kowa. Ko na maƙwabci ne, ko na ɗan uwa, sai an buɗe a gabanku. Mutanen Kano ba su manta ba. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya, bayan ta tashi daga filin jirgin nan namu, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ku ƙirga jakunkunanku a gaban ma'aikaci. Ku karɓi 'yar takardar kowace jaka, ku ɗauki hotonta. Maganinku na asibiti ma ku tafi da shi a kwalinsa, tare da takardar likita. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tiramadol kusan 300 da aka samu a jakarta.

Akwai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Masar na tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Sai allurar ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kuma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. A yi allurar da gaske, kada a sayi katin a bayan fage. Amarya ta yi tata tun kafin biki, domin ba a cika yi wa mai juna biyu ba. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanku a can, ku gaya wa likita daga ƙasar sauro kuka zo. Likitan Girka ko na Sifaniya ba lalle maleriya ta fara zo masa a rai ba. Mai sikila kuma ya ga likitansa kafin ya hau jirgi.

Yanzu ruwan kansa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufin unguwa ya koya. Teku ba kududdufi ba ne. Yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, ta ɗauke ƙafar ƙato yana tsaye ruwa iya ƙugu. A Yulin 2020 mutum 11 suka nutse rana ɗaya a wata gaɓa da ke yammacin Iskandariyya, yawancinsu garin ceton wani. Ku dubi tuta. Ja, kada a shiga. Ruwan ɗorawa, a yi hattara. Kada a shiga inda babu masu ceto. Kada a hau kwalekwalen yawo sai da rigar da ke hana nutsewa. Ango, amarci ba wurin nuna bajinta ba ne. Na fi ji muku tsoron wannan ruwa fiye da bam.

Lokaci ma abin dubawa ne. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso da tsada. Kada ku ce ai mu 'yan Kano ne, mun saba. A Agustan 2021 zafi ya kai digiri 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya. A Yulin 2023 gobarar daji ta sa an kwashe kusan mutum 20,000 a tsibirin Rodos na Girka, da yawansu baƙi 'yan hutu. Disamba zuwa Fabrairu kuma, lokacin da muka fi yin biki, can sanyi ne da ruwan sama. Hoton nan mai rana da amarya ta gani, ba a Janairu aka ɗauke shi ba. Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba, su ne daidai. Ba dole ne a tafi washegarin kai amarya ba. Ana iya jira.

Idan an isa, a raba kuɗi gida biyu, rabi a wurin ango, rabi a wurin amarya. 'Yan sane a Basalona da birnin Rum ƙwararru ne. Gwal ɗin lefe a bar shi a Kano. Hoton fasfo da na biza su zauna a wayar kowannenku, da kwafi a aljihu. Amarya ta riƙe katin otal da kuɗin mota nata na kanta, ko da za a rabu a cikin taro. A ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya lambar neman agaji 112 ce. Najeriya na da ofishin jakadanci a Alƙahira, Rabat, Ankara, Tunis, Rum, Madrid da Atina. Ku rubuta lambar na ƙasar da za ku a takarda, ba a waya kaɗai ba.

To, ina za a je? Ga ra'ayina, ga wanda wannan ce fitarsa ta farko.

Na fi karkata ga Iskandariyya. Jirgin EgyptAir ya daɗe yana tashi daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Daga can zuwa Iskandariyya kimanin kilomita 220 ne, ga jirgin ƙasa. Abinci halal ne, ga kiran salla ko'ina. Akwai ganuwar Ƙaitabai da aka gina tun wajen 1477, akwai babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Mutanenmu kuma suna da yawa a Masar, ɗaliban Azhar da masu zuwa asibiti. Sai dai a kula da tsallaka titi, kuma a yi ciniki kafin a hau mota.

Mai son Maroko, ga Tanja, garin Ibn Baɗuɗa. Ana tashi daga Abuja ko Legas zuwa Kasablanka, sai jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 ya kai mutum Tanja cikin awa biyu da 'yan mintuna. 'Yan Tijjaniyya kuma sai su haɗa da ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Amaryar da ke son shiga ruwa cikin sutura, a duba mata Antaliya ta Turkiyya. Akwai otal-otal da suka ware wa mata wurin wanka, kuma tun 2014 birnin ya buɗe gaɓa ta mata zalla. Girka da Italiya da Andalus ta Sifaniya suna da kyau, babu musu. Amma a bar su sai fasfo ya ɗan sha tambari, an je wani wuri an dawo.

Duk wannan idan da hali ne. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, 'yan Wapa sun fi kowa sanin yadda Dala ta yi tsalle. Kada a ci bashi don yawon mako guda, a dawo ana ɓuya daga masu bin kuɗi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda aljihunsa bai kai ba, ga Yankari a Bauci, ga dam ɗin Tiga a nan kusa, amarci dai amarci ne.

Kira na ƙarshe ga iyaye, na ango da na amarya. Kafin yaran nan su fita daga gida, ku ce su ajiye muku kwafin fasfo, da sunan otal, da lambar jirgi, da ranar dawowa. Ku sa lokacin da za su riƙa kiranku kullum. Idan ba su ba ku ba, ku tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.